Kula da Zafi da Danshi a Makonnin Ƙarshe Kafin Girbin Wiwi

Tun daga lokacin da wasu ƙasashe suka fara halatta noman wiwi a ƙarƙashin doka, aikin ya koma hannun manoma masu lasisi da masana aikin gona da ɗakunan gwaje-gwaje. Urugwai ce ta fara a shekarar 2013, Kanada ta biyo baya a watan Oktoba na 2018, Jamus kuma ta yarje wa baligi ya shuka har gindi uku a gidansa daga Afrilun 2024, yayin da Lesoto ta soma ba da lasisin nomansa domin magani tun 2017. An rubuta wannan jagora ne domin wanda yake aiki a inda doka ta ba shi dama, musamman mai shuka a cikin ɗaki ƙarƙashin fitilu, domin a ƙasashe da yawa shuka wannan tsiro laifi ne mai tsananin hukunci har yanzu.

Babu asarar da ta kai ta makonnin ƙarshe ciwo, saboda tana zuwa ne bayan an gama kashe kuɗin wutar lantarki da taki da ƙarfi na wata uku ko huɗu. A wannan lokaci furen ya cika ya dunƙule, iska ba ta ratsa shi, ganye ya rufe ko'ina, tsiron kuma yana fitar da ruwa mai yawa cikin iskar ɗaki. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, adadin da ma'aunin zafi da danshi yake nunawa da tsakar rana ba shi ne yake ɓata amfanin gona ba. Ɓarnar tana faruwa ne da dare, musamman a awa ɗaya ko biyu bayan an kashe fitilu, kuma tana faruwa ne a can cikin dunƙulen fure inda babu ma'aunin da yake kaiwa.

Abin da ake gudu

Babbar abokiyar gaba ita ce fumfuna mai launin toka wadda masana suke kira Botrytis cinerea. Ƙurar irinta tana yawo a iska kusan ko'ina, don haka ba batun hana ta shigowa ake yi ba, batun hana ta samun wurin tsirowa ake yi. Tana son matsakaicin zafi, wajen digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai zafin da shi ma tsiron yake so a ƙarshen rayuwarsa, kuma tana buƙatar danshi mai yawa sosai ko ɗigon ruwa da ya kwanta a jikin fure na wasu awoyi. Tunda ba za a iya guje mata ta fuskar zafi ba, sai dai a tare ta ta fuskar danshi. Daga ciki take farawa, kusa da karan da furen yake kewaye, shi ya sa idan ta bayyana a waje to ciki ya riga ya ruɓe.

Ta biyu ita ce farar fumfuna da take kwanciya a kan ganye kamar an barbaɗa gari. Ita ba ta buƙatar ɗigon ruwa, abin da take so shi ne inuwa da iskar da ba ta motsi da danshin da yake hawa da sauka. Akwai kuma fumfunar Aspergillus, wadda ita ce ta fi tayar da hankali idan amfanin na magani ne, domin tana iya kama huhun majinyacin da garkuwar jikinsa ta yi rauni. Jihohi da dama na Amurka suna gwada ta kafin su bari a sayar da kaya. Wanda yake noma domin marasa lafiya ya kamata ya ɗauki danshi a matsayin batun lafiyar mutane.

Zafi ma yana da nasa ɓarnar. Sinadaran ƙamshi da suke cikin ƙaron fure suna tashi cikin iska da sauƙi, kuma yawan zafi yana hanzarta tashinsu. Idan zafin da yake kan furen ya daɗe sama da digiri 28, furen yakan yi sako-sako, wani lokaci ya riƙa fitar da sabbin tsiro sirara a kansa maimakon ya ƙara nauyi. Iska mai zafi da bushewa kuma ita ce abin da ƙananan ƙwarin nan masu saƙa a ƙarƙashin ganye suke so, domin a wajen digiri 30 sukan kammala zagayen rayuwarsu daga ƙwai zuwa baligi cikin kimanin mako guda.

Mataki na farko: tabbatar da cewa lokacin ya yi

Yawancin irin da ake nomawa a ɗaki suna yin mako 8 zuwa 10 suna fure bayan an mayar da haske awa 12 da duhu awa 12. Makonni biyu zuwa uku na ƙarshe su ne abin da muke magana a kai. Kalanda kaɗai ba ta isa ba, sai an duba tsiron. Fararen gashin da suke kan fure sukan fara komawa ja-ja suna lanƙwashewa, manyan ganye na ƙasa su fara yin rawaya. Alamar da ta fi inganci tana cikin ƙananan ƙwayoyin ƙaro da suke lulluɓe furen, waɗanda ake gani da madubin ƙara girma mai ninki 30 zuwa 60. Da farko kawunansu garau suke, daga nan su yi fari-fari kamar hazo, a ƙarshe wasu su koma ruwan zuma. Idan aka ga yawancinsu sun fara barin garau suna yin fari-fari, to lokacin sauya yanayin ɗaki ya yi. A duba ƙwayoyin da suke jikin furen kansa, domin na kan ƙananan ganyen da suke leƙowa daga cikinsa sukan riga sauran nuna.

Mataki na biyu: gyara kayan awo

Ma'aunin danshi mai araha yakan kauce da maki biyar ko fiye, kuma a wannan lokaci maki biyar ba ƙaramin abu ba ne. Akwai gwaji mai sauƙi. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a saka shi tare da ma'aunin a cikin mazubi mai rufewa ruf, a bar su awa 12 zuwa 24 a wurin da zafinsa ba ya sauyawa. Iskar da take cikin mazubin za ta tsaya a kashi 75 cikin 100. Idan ma'aunin ya nuna 70, an san yana rage biyar, sai a rubuta hakan a jikinsa a riƙa ƙarawa.

Wurin ajiye ma'auni ya fi ingancinsa muhimmanci. Wanda aka rataye a bango kusa da ƙofa labarin bango yake bayarwa. A rataye ɗaya daidai da tsayin kawunan furanni, a kāre shi daga hasken fitila kai tsaye domin kada ya ɗumama ya yi ƙarya, sannan a saka wani a tsakiyar ganye inda ya fi duhu da cunkoso. Sau da yawa na tsakiyar ganyen zai nuna danshi sama da na waje da maki da yawa, kuma shi ne ya fi kusa da abin da furen yake ji. Lallai ne a samu ma'auni mai ajiye bayanai, ko aƙalla mai tuna adadi mafi sama da mafi ƙasa, saboda ba wanda yake tsaye a ɗakin da tsakar duhu. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake nuna wa abu daga nesa shi ma yana da amfani wajen sanin zafin ganye. A ƙarƙashin fitilun LED ganye yakan fi iska sanyi da digiri ɗaya ko biyu, a ƙarƙashin fitilun sodiyam kuwa, waɗanda suke jefo zafi kai tsaye, saman furen yakan kai zafin iska ko ya wuce shi.

Mataki na uku: lissafa ruwan da yake shiga iska

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Tsiro ba ya riƙe ruwan da ya sha sai ɗan kaɗan, fiye da kashi 95 cikin 100 yana fita ne ta ƙananan kafofin ganye ya zama tururi. Ma'anar wannan ita ce, idan ana zuba lita 20 a ɗaki kowace rana, lita biyu suka tsiyaye ta ƙasan tukwane aka kwashe, to kusan lita 18 suna shiga iska, kuma dole wani abu ya fitar da su, ko dai fankar da take zuƙe iska waje, ko na'urar tsotse danshi, ko na'urar sanyaya ɗaki. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai sayi na'ura a kan zato.

A kula da abin da aka rubuta a jikin na'urar tsotse danshi. Adadin litar da masu ƙera ta suke cewa tana cirewa a rana galibi an auna shi ne a iska mai zafi da danshi sosai, misali digiri 30 da kashi 80. A ɗakin da yake digiri 20 da kashi 50, abin da za ta cire zai iya sauka zuwa rabi ko ƙasa da haka. Don haka ɗakin da yake fitar da lita 18 ba zai wadatu da na'urar da aka rubuta wa lita 20 ba. A nemi wadda ta ninka buƙata, a kuma haɗa mata tiyo mai zubar da ruwa waje, domin idan bokitinta ya cika da dare takan kashe kanta, kuma a daidai lokacin ne aka fi buƙatarta. Na'urar tana fitar da zafi yayin aikinta. Da rana wannan ƙarin nauyi ne a kan na'urar sanyaya ɗaki, amma da dare alheri ne, kamar yadda za a gani a gaba.

Mataki na huɗu: saukar da zafi da danshi sannu a hankali

Abin da ake nema a makonni biyu zuwa uku na ƙarshe shi ne zafin rana tsakanin digiri 21 da 25, zafin dare tsakanin 18 da 21, danshi kuma tsakanin kashi 40 da 50 dare da rana. Idan irin mai manyan dunƙule ne masu tauri, a karkata zuwa 40 zuwa 45. Idan mai fure sirara ne da iska take ratsawa, 50 ba zai cutar ba. Kada a yi sauyin a rana ɗaya. A riƙa rage digiri ɗaya da maki biyu ko uku na danshi duk bayan kwana biyu, har a kai inda ake so cikin kimanin mako guda, ana lura da yadda ganye yake amsawa.

Akwai masu ganin cewa tunda danshi ne matsala, gara a saukar da shi iyakar iyawa, har ƙasa da kashi 35. Ban goyi bayan wannan ba. Idan iska ta bushe fiye da kima, tsiron yakan rufe kafofin ganyensa domin ya tsare ruwansa, kuma da ya rufe su ya daina shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita, sai furen ya tsaya da ƙara nauyi a makon da ya kamata ya fi cika. Bakin ganye yakan naɗe sama ya ƙone, ƙwarin saƙa kuma su samu abin da suke so.

Domin daidaita wannan ne ƙwararru suke amfani da awon da ake kira gibin tururi, wanda ake taƙaitawa da VPD, ana kuma auna shi da kilofaskal, wato ma'aunin matsin iska. Shi ne bambancin da yake tsakanin tururin da iska za ta iya ɗauka da wanda take ɗauke da shi a zahiri, wato ƙarfin da iska take jan ruwa da shi daga ganye. A ƙarshen fure ana son ya tsaya tsakanin 1.2 da 1.6. Ga misali: iska mai digiri 24 tana ƙoshi ne a kilofaskal 2.98. Idan danshinta kashi 45 ne, tana ɗauke da 1.34. Idan ganyen yana digiri 22, tururin da yake cikinsa 2.64 ne, don haka gibin da ganyen yake ji 1.3 ne, wanda ya yi daidai. Amfanin wannan awo shi ne yana nuna cewa kashi 50 a digiri 26 da kashi 50 a digiri 18 ba abu ɗaya ba ne ga tsiro. Sai dai kada a bar shi ya rufe ido, domin fumfuna ba ta duba lissafi, abin da take nema shi ne wuri mai laima a cikin fure.

Mataki na biyar: tsare awar da ake kashe fitilu

Wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa fiye da mai sanyi: iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi tana iya riƙe kimanin giram 30 na tururi a digiri 30, amma giram 17 kacal a digiri 20. Idan iska ta huce ba tare da an cire mata ruwa ba, adadin danshinta yana hawa da kansa ko da ba a ƙara ɗigo ɗaya ba.

A ɗauki ɗakin da yake digiri 25 da kashi 55 kafin a kashe fitilu, adadin da mutum zai gani ya ce babu laifi. Fitilu suna mutuwa, zafi ya faɗi zuwa digiri 18, danshin wannan iskar zai koma kusan kashi 84. Wannan ma idan tsiron ya daina fitar da ruwa ke nan, alhali ba ya dainawa nan take, kafofin ganye sukan ɗauki lokaci kafin su rufe. A lokaci guda kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda ta wuni tana cire ruwa daga iska yayin da take sanyayawa, ta tsaya saboda babu sauran zafin da za ta yaƙa. Abubuwa uku ke nan suka haɗu a awa ɗaya. A irin wannan iska raɓa tana fara zuba a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 15, kamar bangon waje ko bututun ƙarfe ko ganyen da yake bakin iskar sanyi. A cikin dunƙulen fure kuwa, inda iska ba ta motsi, danshin ya riga ya wuce na ɗakin.

Yanzu a kwatanta da ɗakin da ya shiga dare yana digiri 24 da kashi 45, aka kuma hana zafinsa sauka ƙasa da 20. Danshinsa zai tsaya wajen kashi 57 kafin na'urar tsotsa ta ja shi ƙasa, raɓa kuma ba za ta zuba ba sai a kan abin da ya kai sanyin digiri 11. Tazarar da take tsakanin ɗakunan nan biyu ita ce tazarar da take tsakanin girbi mai tsabta da ruɓaɓɓe.

Abin yi a aikace shi ne, a kunna na'urar tsotse danshi da ƙarfinta tun rabin awa zuwa awa ɗaya kafin fitilu su mutu, domin iska ta shiga dare a bushe. Idan fitilun suna da maɓallin rage haske, a rage su a hankali cikin minti 20 zuwa 30 maimakon a yanke su lokaci guda. A bar fankar fitar da iska tana aiki bayan duhu ya shiga, muddin iskar da take shigowa daga waje ta fi ta ciki bushewa. Kada bambancin zafin rana da na dare ya wuce digiri huɗu ko biyar, kuma idan zafin da na'urar tsotsa take fitarwa bai isa ya riƙe ɗakin ba, a ƙara ɗan hita na lantarki mai na'urar daidaita zafi. Kada a yi amfani da hitar gas ko ta kananzir marar bututun hayaƙi, domin ƙonewarsu tana ƙara tururi a iska. Duk wata ƙaramar fitila da take jikin waɗannan na'urori a rufe ta, saboda haske a lokacin duhu yana rikita tsiron da yake fure.

Da safe ma akwai ɗan haɗari da ba a cika lura da shi ba. Idan fitilu suka kama, iska tana ɗumama da sauri, ganye ya fara fitar da tururi, amma babban dunƙulen fure yana nan da sanyin dare a jikinsa, kamar yadda kofin ruwan sanyi yake yin gumi idan aka fito da shi cikin ɗumi. Ƙaramin bambanci tsakanin dare da rana shi ne maganin wannan ma.

Wasu sukan saukar da zafin dare zuwa digiri 13 ko 15 da gangan domin furen ya yi launin shunayya. Gaskiya ne sanyi yana fito da wannan launi a irin da yake da shi a jininsa, amma launin ba ya ƙara ƙarfi ko ingancin magani, kuma kuɗin da ake biya shi ne ƙarin haɗarin raɓa. A ganina wannan ciniki ne marar riba, sai fa ga wanda na'urorinsa suke iya riƙe danshi ƙasa da kashi 50 a irin wannan sanyi.

Mataki na shida: iska ta ratsa ko'ina

Kowane ganye yana da siririn lulluɓin iska mai laima a jikinsa, aikin fanka shi ne ta riƙa share shi. A saka fankoki masu juyawa sama da furanni, a saka wasu a ƙasa suna hura tsakanin tukwane, ta yadda kowane ganye zai riƙa ɗan kaɗawa. Iska mai ƙarfi da take dukan wuri ɗaya tana busar da ganye ta ƙone shi. A bi ɗakin da hannu a jiƙe ana laluben kusurwoyin da iska ta mutu, domin daga can cuta take fara tashi. Fankoki ba sa hutawa da dare.

A cire matattun ganye da masu rawaya, da manyan ganyen da suka kwanta a kan fure ko suka manne da juna har ruwa yana taruwa a tsakaninsu. Amma a yi da sauƙi, kaɗan-kaɗan, da almakashi mai tsabta, domin kowane rauni ƙofa ce ga fumfuna, kuma guntun ganyen da aka bari ya mutu a cikin fure shi ne abincinta na farko. Rassan da nauyi ya sa suka jingina da juna a ɗaure su a raba.

Mataki na bakwai: ban ruwa

A makonnin ƙarshe tsiron yana rage sha, don haka a rage abin da ake ba shi gwargwadon nauyin tukunya. A yi ban ruwa a farkon awoyin haske, a daina aƙalla awa biyu zuwa uku kafin duhu. A kwashe ruwan da ya tsiyaye, a rufe tankin ruwa, a goge ƙasa. Kada a fesa komai a kan fure. Idan da safe aka ga ɗigon ruwa jere a bakin ganye, alama ce saiwa ta kwana cikin ruwa da yawa kuma iskar dare ta yi laima.

Mataki na takwas: duba furanni kowace rana

A fara da manyan dunƙule na sama da waɗanda suke wurin da iska ba ta kaiwa sosai. Alamar farko sau da yawa ƙaramin ganye ɗaya ne da yake leƙowa daga cikin fure wanda ya bushe ko ya yi rawaya shi kaɗai alhali na kusa da shi kore ne shar. Idan aka ja shi a hankali ya zare ba tare da turjiya ba, gindinsa kuma ya yi ruwan ƙasa, to a buɗa furen a duba. Ciki zai nuna laushi da launin ƙasa, wani lokaci da gashi-gashi mai launin toka.

Idan aka samu, a kashe fankoki tukuna domin kada ƙurar ta bazu. A sa safar hannu da takunkumi, a lulluɓe dunƙulen da leda, a yanke shi da tazarar santimita biyar ko fiye ƙasa da inda ruɓar ta tsaya, a ƙulle ledar a fitar da ita daga ɗakin, a goge almakashi da sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70 kafin a taɓa wani tsiro. Furen da ya ruɓe ba ya gyaruwa da wanki ko busarwa, zubarwa ake yi. Bayan haka a koma ga bayanan ma'auni a gano daren da danshi ya hau, a gyara dalilin. Idan ruɓar ta bayyana a tsiro da yawa kuma saura kwanaki kaɗan, gara a girbe da wuri, domin fure mai tsabta da ya rage kwana biyar ya nuna ya fi wanda ya nuna sarai amma ba zai ci gwaji ba.

Wanda yake noma a rumfa ko a fili

A rumfar leda ko ta gilashi, faɗuwar rana ita ce kashe fitila. Dabarar da masu rumfa suka daɗe suna yi ita ce a buɗe tagogin sama da yamma domin iska mai laima ta fita, a rufe, a ɗan ɗumama sabuwar iskar da ta shigo, a maimaita idan da hali kafin asuba. A lura da ɗigon da yake taruwa a rufi yana sauka a kan furanni. A fili kuwa iko kaɗan ne: a ba tsire-tsire tazara, a yi musu rufi mai buɗaɗɗen gefe idan ana sa ran ruwan sama, a girgiza rassa a hankali da safe domin raɓa ta zube, kuma idan hasashen yanayi ya nuna kwanaki na ruwa a jere ga fure ya kusa nuna, a girbe kafin ruwan.

Kwanaki biyu na ƙarshe da ɗakin busarwa

Akwai al'adar barin tsire-tsire cikin duhu na awa 48 kafin yanka, da fatan ƙaro zai ƙaru. Hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi, haɗarinta kuwa a bayyane yake, domin dare ne mai tsawon kwana biyu. Wanda ya nace sai ya yi, to na'urar tsotsa da fankoki su yi ta aiki, danshi kada ya wuce kashi 50. An fi son yin yanka a ƙarshen lokacin duhu ko da sassafe, kafin zafi ya taɓa furen.

A shirya ɗakin busarwa tun kwana ɗaya kafin girbi, a kunna na'urorinsa a ga sun daidaita. Yanayinsa ya bambanta da na ɗakin shuka: duhu, zafi digiri 15 zuwa 18, danshi kashi 55 zuwa 60, da iska mai motsi a hankali wadda ba ta dukan furen kai tsaye. Ɗanyen fure kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, kuma mafi yawansa yana fita ne a kwanaki biyu zuwa uku na farko, don haka a wannan lokaci danshin ɗakin zai yi ta yunƙurin hawa, sai an tsaya a kansa. A rataye rassa da tazara, kada su taɓa juna, manyan dunƙule kuma a raba su gida biyu ko uku idan an ga alamar ruɓa a gonar. Busarwa mai kyau takan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Idan ƙananan rassa suka fara karyewa da ƙara maimakon lanƙwashewa, sai a zuba furen a mazubi mai rufewa tare da ƙaramin ma'aunin danshi a ciki. Idan bayan awa 24 ya nuna kashi 58 zuwa 62, an dace. Idan ya haura 65, a fito da furen a ƙara shanya shi kwana ɗaya ko biyu kafin a sake rufewa.